Na Karya Hannun Aminin Mahaifina Saboda Tumatir

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana, amma a buga labarin nan yadda yake, ko wani mai shirin shiga lambu zai tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

A lokacin ni ɗan acaba ne da aka raba da babur ɗinsa. Ina jigilar fasinja tsakanin Tsohon Birnin Gwari da ƙauyukan Gayam, har ranar da mutanen daji suka tare mu, suka farfasa min baya da gindin bindiga, suka yi gaba da babur ɗin. Na dawo gida a ƙafa, da wani irin fushi a cikina wanda ban san inda zan sauke shi ba. Ga mata, ga yara, ga babu. Sai na tuna da ɗan filin fadamar da kakanninmu suka sara tun kafin zuwan Turawa, na ce lambu zan yi. Ban taɓa noman rani ba, amma a ganina wanda ya iya noman dawa, tumatir ba zai gagare shi ba.

Maƙwabcina a fadamar wani dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa. Lambunsa na sama da nawa, kuma hanyar ruwa ɗaya ce take ratsa nasa kafin ta iso nawa. Tun ranar farko ya shiga yi min gyara. Ya gan ni ina dashe da tsakar rana, ya ce in bari sai yamma, kada rana ta kashe yabanyar. Ya ga na zuba ɗanyen kashin kaji a gindinta, ya ce ƙone ta zai yi, taki sai ya ruɓe tukuna. In ce masa to, in ya juya baya in ci gaba da abina. Gaskiya haushinsa nake ji, gani nake duk duniya ta raina ni tun da na rasa babur.

Da tumatirin ya fara fure sai ganyen ya shiga yin yaushi. Ni kuwa abin da na sani shi ne, shukar da ta yi yaushi ƙishi take ji. Na riƙa sakin ruwa safe da yamma har fangalin ya cika ya kwanta kamar gonar shinkafa. Kullum ina ƙara ruwa, kullum ganyen na ƙara langwaɓewa. Baba ya ce min ƙasar nan laka ce mai riƙe ruwa, nutsar da shukar nake yi, in ɗaga mata ƙafa ta sha iska. Sai Shaiɗan ya raya min cewa so yake ruwan ya zama nasa shi kaɗai.

Ranar da abin ya faru, na dawo daga kasuwa bayan la'asar, na tarar da shi a durƙushe a bakin lambuna, hannunsa duk laka, ya datse ruwan da ke shigowa. Ban yi sallama ba, ban tambaye shi ba. Fartanya na rarumo. Ya ɗago yana cewa in tsaya ya nuna min, ya kare kansa da hannun dama, na sauke masa bakin ƙarfen a kan hannun. Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan a kunnena. Ya faɗa cikin ruwa, jini ya bi hanyar ruwan ya shiga fangalina. Da ban da ihun matan da ke wanki a rafi, da na ƙara masa.

'Ya'yansa biyu suka taho a guje daga lambunsu. Suka kayar da ni, suka danna fuskata a laka, ɗaya na duka da ƙotar fartanya, ɗaya na tattaka min haƙarƙari, har haƙorina ya fita. Na saddaƙar kashe ni za su yi, kuma sun yi daidai. Sai na ji muryar Baba daga inda yake kwance.

"Ku bar shi haka. Ku tuge masa guda ɗaya ya gani."

Babban ya fizgo shukar tumatir ɗaya ya manna min a hanci. Saiwar ta yi baƙi ƙirin, ta ruɓe, tana wari kamar kwata. Ruwan da nake shirin kisa a kansa, shi ne ya kashe min lambu. Kunyar da ta kama ni ta fi dukan ciwo.

Maganar ta je gaban mai unguwa, 'ya'yan suka dage sai an kai ni hukuma, Baba ya hana. Ya ce ba zai ɗaure ɗan amininsa ba. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, daga baya aka kai shi asibiti, amma jijiya ta tsinke. Hannun ya shanye, bai sake riƙe fartanya ba.

Yanzu na iya lambu, kuma duk abin da ya faɗa min haka yake. Mai farawa, kafin ka saki ruwa ka cusa yatsa a ƙasa, in da danshi ka haƙura. In lakarka mai riƙe ruwa ce, ka ɗaga kunyar shuka, ka yi wa ruwa mafita. In shuka ta yi yaushi, tuge ɗaya ka duba saiwa kafin ka zargi kowa. Kuma don Allah, kada ka shiga lambu da fushin da wasu suka cusa maka, domin a kan na kusa da kai za ka sauke shi. Baba ya yafe min tun a ranar. Amma masallaci ɗaya muke salla, kuma duk sanda liman ya yi kabbara, ina bayansa ina kallo, hannu ɗaya yake ɗagawa.