Shanyar Kubewa a Kan Farantin Sola

Kakar da ƙanwata ta zo gida da kwamfutarta, ana tsakiyar yankan dawa, ni aka bar wa gadinta. Tana neman gurbi cikin matasan injiniyoyin da za su ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam. Sharaɗin shi ne ta tura zanenta kafin la'asar, ko a ba wani. Akwai manhajar da ke auna mata komai: nauyi, zafi, da ko batirin tauraron zai kai labari idan ya shiga inuwar duniya. In ta fara lissafi ba a katse ta. Wuta na ɗaukewa, an koma gidan jiya.

Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, wutarmu kuwa farantin sola ɗaya ne tilo, a kan rufin ɗakin awaki.

Bayan azahar akwatin batirin sola ya fara tsuwa.

"Yaya, wuta tana sauka," in ji ƙanwata. "Saura kaɗan fa lissafin ya kammala."

Na fizge wayoyin maƙwabta daga caji ina masifa, tsuwar ba ta daina ba. Ga rana ƙwal, ko ɗigon girgije babu. Na zaga bayan rumbu a guje.

Farantin a rufe yake ruf da yankakkiyar kubewa. Innarmu na gefe tana korar kaji. A wajenta duk abin da ke shimfiɗe a rana wurin shanya ne.

"Haba Inna! Duk faɗin gidan nan?"

"Yo nan ne babu ƙasa. Baƙin gilashin nan ya fi tabarma busarwa."

"Wutar 'yarki kika rufe. In ta ɗauke, aikin nan ya tafi."

Ta dubi kubewar, ta shekara guda ce, da hannunta ta yanka. Na juya neman faifai. Ba ta jira ni ba, ta sa hannu ta share ta duka zuwa ƙasa, kaji suka yi caa. Yauƙi ya dame gilashin. Ta cire ɗankwalinta, ta tsoma a ruwan awaki, ta shiga gogewa tana salati.

Tsuwar ta yi shiru. Ladan na gyaran murya ƙanwata ta ƙwala kira daga ɗaki: "Na tura shi!"

Inna ta durƙusa tana tsince abin da kaji suka rage. Har damina muna tauna yashi a miya.