Tekun da Wakili ya gani a tsugune

Wakili direba ne a tashar Utako, ni kuma a bakin tashar nake sayar da kunun gyaɗa tun yana kwandasta. Mutum ne da bai iya zama ba sai a bayan sitiyari. In mota ba ta cika ba, jikin bango yake samu ya tsuguna, hula a goshi, kamar kaza a kan ƙwai.

Bara kamfaninsu ya kawo mai awon jini. Aka auna Wakili, aka karɓe makullin motar Kano, aka ce sai jininsa ya sauka. Magani yana sha, amma likita ya ce ya haɗa da hutu. Hutu kuwa bai san ƙofar gidan Wakili ba.

Matar ɗansa, Sumayya, tana aiki a wani shago bayan kasuwa, inda ake ɗaura wa mutum wani tabarau mai kauri kamar rabin bulo. In ka sa, sai ka gan ka a bakin teku, ruwa na zuwa yana komawa, har ƙararsa a kunnenka. Ma'aikatan ofis ke zuwa su miƙe a doguwar kujera, wai gajiya ta fita. Ta ce surukinta ya zo ya gwada. Na bi su, don ba na son a ba ni labari.

"Baba, ku kwanta, ku saki jiki," in ji ta.

"A nan?"

"A nan, Baba. Kowa haka yake yi."

Ya kwanta. Kwanciya dai sai ka ce katako aka ajiye. Hannu ɗaya yana jan riga ya rufe gwiwa, ɗayan yana dafe da hula. Dattijo a miƙe, tafin ƙafarsa yana kallon matar ɗansa! Da ta cire tabarau ɗin ta auna shi, jinin ya fi na da.

"Ko tekun ne ba ku so, Baba? Akwai daji, akwai dutse."

"Teku ba shi da laifi," ya ce.

Bai faɗi sauran ba, don faɗar ma abin kunya ne. Ni ma na ja bakina, ba surukata ba ce.

Aka yi ta zuwa. Aka sa masa daji, aka sa masa dutse, duk jiya i yau. Ran nan oganta ya kira ta waje. Ƙofa na rufuwa Wakili ya zame daga kujerar, ya lallubi bango ya tsuguna, tabarau a fuska. Kafaɗunsa suka sauka. Kafin in gama ɓare goro, munshari ya tashi.

Sumayya ta dawo ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi kujerar.

"Inna, ai ba haka ake yi ba."

"Ni kunu nake sayarwa," na ce.

Sai ta ja ƙofa a hankali ta koma waje. Daga ranar, in ta ɗaura masa sai ta tuna tana da aiki a gaban shago.

Da aka sake awo a tasha, jinin ya sauka, sai dai bai kai inda suke so ba. Ba su mayar masa da Kano ba, motar Keffi suka ba shi. Ya karɓa. Har yau yana mita, wai kafin kujera ta yi ɗumi an iso.