Ƙarafan Delmar Unruh

Mutanen garinmu suna cewa duk faɗin Amurka ba wanda bai san gonar Delmar Unruh ba. Motocin da ke bin wannan hanya ta yammacin Kansas dai ba su wuce goma a yini, rabinsu kuma shanu suke ɗauka.

Shekara arba'in Delmar yana walda, yana gyara wa manoma garma da tarakta. Da ya ajiye aiki sai ya tattara ƙarafan da suka zubar, ya shiga kafa dodanni a bakin titi: zakara mai tsayin bene, wani ƙato a kan keke yana ta tuƙi ba ya zuwa ko'ina, farfeloli ba iyaka. Iska na tasowa sai su kama juyi gaba ɗaya suna kuka. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoto, su tambayi banɗaki, su wuce.

Burinsa ɗaya ne, ya mutu ya bar su suna juyawa. Amma boris ɗin da suke juyawa a kai sai da giris, giris sai da mai hawa tsani, shi kuwa ya ba tamanin baya. Ranar da ya zamo daga mataki na huɗu, matarsa Arlene ta sa wa tsanin kwaɗo.

Ta ce, "Tsoho, in mutuwar kake nema, mutu a ƙasa kamar kowa. Ni ba zan hau sama ɗauko ka ba."

Ya ce, "To wa zai sa musu mai?"

"Tambayi zakaran."

Sai ya je wurin magajin gari, Virgil Koch, ya ba garin dodannin kyauta don a samu mai kula da su. Aka yi biki, aka yi jawabi, aka kwashe su zuwa filin da ke gaban banki. Ba a yi wata ba mutumin inshora ya zo ya ɗaga kai, ya ce fiffiken da ke juyawa yana iya faɗo wa wani.

Virgil ya ce, "Haba Delmar, ba lalata su za mu yi ba, tsayar da su kawai za a yi."

"Zuciyarka ma in ta tsaya, ai ba lalacewa ta yi ba."

"Bar ba'a, mutumina. Ko ka liƙe su da walda da hannunka, ko mu kira wani daga birnin Wichita ya ƙone maka fenti."

Delmar ya zaɓi ya yi da hannunsa. Fentin nan shi ya shafa, tabo-tabo.

Aka ɗaga shi sama a kwandon motar masu gyaran lantarki. Ya taɓa fiffiken zakaran da yatsa ɗaya, ya juya sumul. Sannan ya sauke gilashin fuska ya kunna wutar walda, ya liƙe shi. Kwana uku ya gama da su duka.

Baƙi sun ɗan ƙaru tun daga lokacin. Sun ce yanzu hoton ya fi fita.