Kunya Uku

Duk ranar da jikata ta yayyafa ruwa a tsakar gida kafin ta yi shara, ƙamshin nan na busasshiyar ƙasa yakan tashi. Kowa yana son ƙamshin nan. Ni ba abin da yake tuna min sai gindin gamba, da tulu a kaina, da shekarar da ruwa ya ɗauke.

Idan a birni ka tashi, bari in gaya maka yadda gonakinmu suke. A wajenmu babu daji. Gona manne take da gona, tun daga bayan dangarmu har inda ido ya tsaya. Abin da ke raba ta wani da ta wani shi ne gamba, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. Kakanni suka dasa ta a jere, ana yanke ta da kaka, ta sake tohowa da damina, saiwarta tana nan inda aka bar ta. Ba mu da takarda, ba mu da awo. Inda gamba take, nan iyaka take.

Gonarmu ta yi iyaka da ta wani tsoho maƙwabcinmu. Tamu tana tudu, tasa ta gangara kwari, inda danshi ke daɗewa. Ɗansa ya rasu ya bar masa jikoki biyu, mace da namiji, macen sa'ata ce kuma ƙawata. Tsohon nan ba ya kirana sai da amarya. In na wuce da abincin gona sai ya ce, "Amarya, yau ma wani kika dafa wa, ni kika bar ni da yunwa?" Ni kuma in ce ba na auren mai furfura. Kullum akwai aduwa ko goriba a aljihunsa domina.

Ina da shekara tara aka yi farin. Shekarar da ta gabace ta ba a samu abin kirki ba, rumbunanmu biyu ɗaya ya riga ya zama ɗakin kaji. Ruwan farko ya sauka, aka yi murna, gamba ta toho, sai sama ta bushe kamar an share ta. Inna ta fara haɗa dusa a tuwo tana cewa wai ya fi riƙe ciki. Rijiyar unguwa sai da aka ƙulla wa guga igiya biyu. A cikin haka tsohon ya kwanta ciwo, aka kai shi wurin 'yar'uwarsa a Bagwai, ya yi fiye da wata.

Wata ranar kasuwar Tsanyawa, da hantsi, maza duk sun tafi sayar da 'yan awakin da suka rage, Baba ya ce in ɗauko tulu in biyo shi gona. Na tarar ya tono gambar iyaka gindi-gindi da ƙasarta, ya matsa da ita gangare, kunya uku, wato layin shuka uku, cikin gonar tsohon. Ya cike tsofaffin ramukan, ya ja huɗa a kai. Bai kalle ni ba ya ce, "Kullum in kin kawo min ruwa, rabi nawa, rabi nata. Wannan tsakanina da ke ne."

Ban tambaye shi dalili ba, na san dalilin. Mu goma sha ɗaya ne a gidan. Kuma kada in yi maka ƙarya, daɗi na ji. Baba yana da 'ya'ya maza, amma ni ya zaɓa ya ba sirri. Na riƙa yi wa gambar nan hidima kamar jaririya. Ina tsiyaya mata ruwa a hankali, in rufe danshin da busasshiyar ƙasa don kada a gani. Wani lokaci har nawa rabon na sha nake ba ta.

Da tsohon ya dawo, kallo ɗaya ya yi wa gonar ya wuce ƙofar mai gari. Ranar da za a zauna ta zo daidai da hutun Yayana, babban wanmu, wanda ke makarantar kwana. Shekararsa goma sha shida, dogo, siriri, ga shegen surutu, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Bai san komai ba. Ya tambayi Baba ko da gaske ne, Baba ya ce tsufa ne ya rikita maƙwabci, shi kuwa ya yarda, don bai taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba.

Mu yara mata muna leƙe ta ramin zana. Tsohon ya yi bayani, ya ce gonarsa ta ragu da kunya uku, ya san ta kamar tafin hannunsa. Baba ya sunkuyar da kai yana ta inda-inda. Har dattawa sun fara kallon juna, sai Yaya ya durƙusa ya nemi izini.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Kwana nawa rabonmu da ruwa?"

Aka ce an kusa arba'in.

"To in mutum ya tumɓuke gamba ya dasa ta a wannan ƙasar, za ta rayu?"

Dattawa suka ce ko kwana uku ba za ta yi ba.

"A je a duba, ranka ya daɗe. In ta bushe, mun yi laifi."

Aka ɗunguma gona. Gamba koriya shar. Wani dattijo ya kama gindi ɗaya ya ja da ƙarfinsa, ta ƙi fitowa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka ba tsohon haƙuri, aka ce ciwo ne ya taɓa masa tunani. Tun a hanyar dawowa samari suka fara kiran Yaya da Lauya. Kakarmu da ta ji sunan sai ta ce, "Lauya kuma? To Allah ya sa ba gaskiya zai riƙa lauyawa ba." Aka yi dariya, har da ni.

Bayan kwana biyu na haɗu da tsohon a bakin rijiya. Na so in kauce, ya kira ni. Ya laluba aljihu ya miƙo min aduwa guda biyu, ya ce, "Amarya, hannunki da albarka. Gambarki ta kama." Ba faɗa, ba harara. Ashe ƙawata ta taɓa hango ni da tulu, ta gaya masa. Da ya ambaci sunana a gaban mai gari, da an kira ni, da kuka kawai zai tona mu. Bai yarda a sa 'ya ta kunyata ubanta a bainar jama'a ba. Na karɓi aduwar nan, kuma wallahi na shanye ta.

Ruwa ya dawo a makare. Geron tudu duk ya ƙone, kunyoyin nan uku ne suka yi zangarniya ta kirki. Na ci tuwonsu, na ƙoshi. A gidan tsohon ganyen tafasa ake dafawa. Kafin sanyi aka zo aka tafi da ƙawata wurin dangin uwarta, saboda babu abin ba ta, ban sake ganinta ba. Tsohon bai ga damina biyu bayan nan ba.

Yaya kuwa sunan ya bi shi. Ya karanta shari'a, ya zama barista. Ranar da ya kawo hotonsa da baƙar riga da farar hular gashin nan, Inna ta ce wane irin karatu ne ke sa yaro furfura tun bai yi aure ba. Ya buɗe ofis a Kano, ya yi suna a shari'ar gonaki. Talakan da mai kuɗi ya danne wa gona, wurinsa yake zuwa, sau da yawa da kaza ko kwanon wake ake sallamarsa. Baba ya rasu yana alfahari da shi, bai taɓa tayar min da maganar gambar ba, ni ma haka. Daga baya aka kira Yaya aka ba shi Ministan Shari'a. Garinmu ya cika da motoci, aka yanka sa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne labarin. Duk inda aka tambaye shi yadda ya fara, a rediyo ko a taro, sai ya ba da labarin gamba. Ya ce ranar ya gane gaskiya tana da saiwa, ranar ya yi alkawarin tsaya mata. Ina zaune ina tsince shinkafa in ji muryarsa, in miƙa hannu in kashe rediyon. 'Ya'yana suna cewa kishin ɗan'uwana nake. Sau nawa na shirya faɗa masa! In na ga yadda mutane ke durƙusa masa, sai in ce wace ni in zare masa abin da ya tsaya a kai.

Sai bara, bayan ya daɗe da sauka daga kujerar, ga ciwon suga ya rage masa gani, ya zo gida ya ce in raka shi gona. Muka tsaya a iyakar. Ya shafa gambar yana murmushi, ya buɗe baki zai fara labarin. Na ce, "Yaya, tsaya. Ni na ba ta ruwa."

Na faɗa masa duka, har aduwar. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Shekara hamsin ina yawo da shari'ar da na ci da zalunci," in ji shi. "Kuma kina ji."

"Ina ji, Yaya."

"Kunya nawa?"

"Uku."

Washegari ya sa aka kira jikan tsohon, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, da mai gari na yanzu, da duk wanda ke kusa. A tsaye a gona ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, bai rage ba, sai dai bai ambace ni ba. Ya nemi gafara. Sannan ya tuɓe babbar riga, ya karɓi dagi, ya hana kowa taya shi. Yana haki yana tono, har ya mayar da gambar tudu, kunya uku. Da jama'a suka watse ya juyo wajena ya ce, "Sai ki ɗauko tulunki. Ke kika iya."

Yanzu masu sayen gonaki daga Dawanau turakun siminti suke kafawa, yara da yawa ba su san gamba iyaka ce ba. Ba a ɗaukar tulu kuma, jarka ce. Rani guda na yi ina zuwa da ita kowace safiya, da ciwon gwiwata, ban bar jikata ta karɓe ni ba. Wannan karon ban rufe danshin ba. Gambar ta kama, ta yi kore. Sai dai tsohon da zai tare ni a bakin rijiya ya gaya min haka ba ya nan.