Gaisuwar Yaya ga Mutanen Linux

Jiya na raka wata mai jego asibitin Gwangwan, na ji tsohuwar kwamfutar nan tana gurnani, sai marigayi yayana ya faɗo mini a rai. Ni ungozoma ce. Shi ya zuba sunayen jariranmu cikin wata manhajar ajiya ta kyauta, don a san ranar rigakafin kowa.

Wata safiyar rigakafi, mata cike da rumfa, sunayen suka ɓace. Wai mutanen Linux, masu haɗa tsarin kwamfutar kyauta daga ƙasashe daban-daban, sun sauya manhajar da wata.

Na ce, "Yaya, tambaye su mana!"

Ya kurɓi shayinsa mai citta, ya fara rubuta musu: ina kwana, yaya iyali, yaya damina.

"Yara na kuka, kana gaida baƙi?"

"Ke dai da faɗa! Gayya suke mana. Sai in afka musu ba sallama?"

Kafin azahar wani ya turo amsa, sunayen suka dawo, kowane yaro ya sha allurarsa. Mutumin har da cewa su ƙanƙara ake musu, amma iyali lafiya. Yaya ya yi dariya har hularsa ta zame.

Allah ya jiƙansa, ya sa a amsa masa sallama a Aljanna.