Ranar da Aka Yabi Tuwon Inna

Shekarun baya can, kafin shiga daji ya zama abin tsoro, muna da gonar gado a bayan wani dutse ta wajen Bakori. Babur ba ya kaiwa. Idan dawa ta nuna, mazan gidanmu sukan haɗu a hau dutsen da ƙafa, a kafa bukkokin kara a wani fili da ke samansa, a zauna can har a gama yanka da sussuka. Ruwa ma daga wani kwarmin dutse ake ɗebowa, ragowar na damina.

Mahaifiyata ce mai tuwon wannan tafiya tun ina goye a bayanta. Kuma kun san wasan jika da kaka. Babban ɗan yayana, wanda a lokacin shi ma magidanci ne mai 'ya'ya, bai taɓa cin tuwonta bai kushe shi ba. Da ya kai loma zai ɓata fuska.

“Amarya, wannan tuwo ne ko ƙasar gini? Wallahi sakinki zan yi.”

“Sake ni mana, mijin banza, wanda ko ɗankwali bai taɓa saya min ba. Ajiye min kwanona.”

Ba ya ajiyewa. Sai ya suɗe kwanon, ya zo yana neman ƙanzo. Sauran jikokin su ɗauka, kowa da irin tsiyarsa, ita kaɗai tana rama wa kowa.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna ta yi jinya da damina, ta tashi hannunta na dama ba ƙarfi. Yaya ya ce ta zauna a gida. Ta dube shi ta ce, “Tukunyar da nake ɗorawa tun ba a yi maka aski ba, ita za ka hana ni?” Sai ya aiko aka kira ni daga gidan mijina, ya ja ni gefe ya ce, “Ki bi ta. Ke za ki yi girkin, amma kada ta gane.” Magana mai sauƙin faɗa. A gidanmu ba a karɓar muciya daga hannun babba, sai in ita ta miƙo.

Muka hau. Ni da aka turo in kula da tsohuwa, ni ce a baya da gari a kan gammo ina haki, ita tana gaba da sandarta, tana tsayawa tana jirana. “Auta, ko in goya ki ne?” Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ashe da sauranta.

Da la'asar maza suna gona, muka jera duwatsu uku muka ɗora babbar tukunya. Garin da muka hau da shi an auna shi daidai kwanakin aiki, ba na ɓarnatarwa, kuma ba inda za a je a ƙaro. Ta yi talge lafiya lau, har tana ba ni labarin amsar da ta tanadar wa mijin nata. “Yau in ya buɗe baki zan ce masa, da wanne haƙorin ka ji taurinsa, kai da rake ya gagara?” Tana faɗa tana dariya ita kaɗai.

Sai aka zo tuƙi. Ina zuba gari tana juyawa, tuwo ya fara kauri, na ga muciyar ta tsaya cak a tsakiyar tukunya. Ta ja, ta ƙi zuwa. Ta sa hannu biyu. Iska tana kaɗa wutar gefe guda, gumi yana zubo mata ta ƙarƙashin ɗankwali.

Na ce, “Inna, miyar nan kamar tana son gishiri, ko za ki duba mana?”

“Gishirinta daidai ne. Riƙe min tukunya.”

Na riƙe da tsumma. Ina kallo gari yana dunƙulewa, ina jin ƙauri yana tasowa daga gindi, hannuna yana ƙaiƙayi, amma ba ta miƙo ba. Haka ta rufe, haka muka kwashe. Duk malmalar da ka fasa, gudaji ne da ɗanyen gari a ciki.

Kafin magariba suka dawo a gajiye, suka wanke hannu suka zauna a kan dutse. Inna ta gyara zama kusa da murhu, tana jira. Ɗan yayana ya kai loma. Na ga ya tauna, ya dakata, ya dubi babansa, sannan ya dubi hannun Inna na dama da ke kan cinyarta.

Ya ce, “Kai, Inna, tuwon nan ya yi daɗi. Allah Ya saka da alheri.”

Sauran suka bi. “Sannu da aiki, Inna.” “Sannu, Inna.” Suka cinye tas, ba wanda ya rage ko loma, ba kuma wanda ya ɗaga kai.

Muna wanke kwanuka a bakin kwarmin ruwan ta ce, “Kin ji abin da ya kira ni?”

“Yunwa ce ta sa shi, Inna.”

“A'a, Auta. Mara lafiya ake yi wa sannu.”

Da safe ta wanke muciyar da kanta, ta miƙo min. “Ungo. Ki riƙa ɗagowa daga gindi, wutar dutse ba ta da haƙuri.” Ta koma inuwar bukka tana tsince wake. Ni goggonsu ce, ba wasa tsakanina da su, don haka aka ci nawa tuwon shiru, ba ka jin komai sai ƙarar kwano.

Shirun ya dami ɗan yayana. Washegari ya ɗauki kwanonsa ya je ya tsuguna gabanta.

“Amarya, kin daina min girki. Yaji kika yi ne?”

Ta yi murmushi, ba ta ɗago daga waken ba. “Yaji kuma? Ai kai ka sake ni shekaranjiya, a gaban mutane.”

Ya tashi ya zaga bayan bukka, ya daɗe bai dawo ba.

Inna ta ƙara shekara biyu a duniya, ba ta sake kusantar babbar tukunya ba, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ban ga laifin kowa ba a ranar. Tausayi ne ya kama yaron, ni ma da ni ce haka zan yi. Sai dai na fahimci tsoho yana iya jure ciwon hannu, abin da ke karya shi shi ne ya ga an fara lallaɓa shi.

Yanzu ɗan yayan nawa furfura ta cika masa gemu. Kwanaki ya zo gaishe ni, hira ta kai mu kan dutsen nan. Sai ya ce, “Goggo, har amsa ta tanadar min ko?” Na ce ta tanada. Ya ce in faɗa masa. Na faɗa, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya rufe fuska da hularsa.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta.