Bayan Tafiyar Sista

Na fara aiki a ɗakin haihuwa na asibitin En'e a Funtuwa ina da aure da ɗa guda a goye. Aikina bai wuce shara da wankin zannuwa da dafa almakashi a tukunya ba. An ɗauke ni ne saboda na yi firamare a Maska, ina iya karanta sunan magani a jikin kwalba.

Mai riƙe da ɗakin wata ungozoma ce 'yar kudu, kowa Sista yake kiranta. Ta daɗe a garin, 'ya'yanta duk a nan ta haife su, Hausarta ba ta karyewa sai in ta yi fushi. A wancan lokaci in ka ga mai fararen kaya da ya yi makarantar aikin asibiti, da wuya ba ɗan kudu ba ne, tun daga nas har mai duba jini. Mu 'yan ƙasa namu tsintsiya da bokiti, in ban da wani dattijo malamin asibiti mai ba da magani da wanke gyambo a rumfar gaba. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Haka na tarar, na zaci haka za a ci gaba.

Sai shekarar rikici ta zo, mutanen gabas, irin su Sista, suka yi ta komawa gida. Damina na ƙarewa, dawa ta yi kai, Sista ta ɗaure kayanta. Ni da maigidana muka raka ta tashar jirgin ƙasa, shi ɗauke da akwati, ni riƙe da hannun autarta. Da jirgi ya yi kuka ta kama kafaɗata ta ce, "Abin da kika ga ina yi da hannuna a cikin mace, kada ki gwada. In jini ya wuce misali, ko hannu ya riga kai fitowa, ki nemi mota."

Na ce to.

Asibiti ya zama kamar gidan da aka tashi. Aka rufe ɗakin duba jini. Nas-nas ɗin da suka rage aka kwashe su zuwa manyan asibitoci, don can ma babu kowa. Malamin asibiti, ga tsufa, aka ƙara masa ɗakunan shan magani na ƙauyuka, yau yana nan, gobe ya hau keke ya yi gabas. Likita kuwa jefi-jefi yake leƙowa. Ɗakin haihuwa ya rage daga ni sai wata tsohuwar ungozoma ta cikin gari da nake aika a kira in abu ya taso. Haihuwar da ta zo da sauƙi muna karɓa, mu yanke cibi, mu gode Allah.

Ranar da ba na mantawa, lokacin kakar auduga ne. Da hantsi aka sauke wata mata daga kan motar auduga, daga wajen Gozaki, tun jiya take naƙuda. Na shafa cikin, na ji ɗan a gicciye yake. Na sha ganin Sista tana juya irinsa, na san inda take sa hannu, amma sanin ido ne kawai. Na fita da gudu wajen direba na roƙe shi ya kai mu Zariya. Ya ce sai ya sauke kayan mutane. Na tsaya a kansa ina ƙirga buhunan da ke sauka har motar ta zama wayam, sannan muka shimfiɗa matar a baya, na zauna na ɗora kanta a cinyata.

Matar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Da na je dubata kafin in juyo, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ke ba ki iya ba ne?"

Na ce, "Ban iya ba."

Ta juya fuskarta bango. A hanyar komowa na ƙudurta a raina ba zan tsufa ina ba mata wannan amsa ba.

Ba a daɗe ba wani jami'in lafiya na lardi ya zo zagaye. Ina goge tebur na ji yana gaya wa malamin asibiti cewa ana neman 'yan matan arewa masu firamare a makarantar ungozoma, amma daga ƙasarmu ko ɗaya ba a samu ba. Na ajiye tsumma na durƙusa na ce ni zan je. Ya dube ni, ya dubi yaron da ke bayana, ya yi murmushi. Ya ce in maigidana ya yarda ba zai hana ni ba, sai dai mace ɗaya ba ta toshe wannan rami, in nemo wasu mu tafi tare.

Maigidana tela ne, ba mai yawan magana ba. Na gaya masa yana taka keken ɗinki, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen hannun rigar. Tambayarsa ɗaya, wa zai riƙe yaron. Na ce Inna a Maska. Da kawunsa ya ji, ya zo har shago ya ce abin kunya ne matar aure ta kwana a makaranta. Maigidana ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kawu, in ita ce a bayan motar audugar nan, da na so a ce akwai wadda ta iya." Kawu ya kaɗa riga ya tafi, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Neman 'yan matan ya fi komai wuya. Duk gidan da na ji akwai yarinya mai firamare sai da na shiga. Wasu iyaye suka ce aikin ƙazanta ne, wasu suka ce aikin tsofaffi ne, yarinyar da ba ta haihu ba me ya kai ta ganin haihuwa. A wani gida ko tabarma ba a shimfiɗa mini ba. Na riƙa komawa, har wasu matan na ɓuya in sun ji sallamata. A ƙarshe wani malamin gona a Malumfashi ya ba ni 'yarsa. Sai kuma wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwa, da kanta ta tare ni ta ce ga 'yarta, ta gama firamare tana zaune tana auna yadi.

Da na kai su wajen jami'in, ya karɓi 'yar malamin gona, ya ce ɗayar ba za ta yiwu ba, gurbin na 'yan ƙasa ne. Na ce a nan aka haife ta. Ya ce shi ba shi ya kafa doka ba. Ban koma gida ba, na ja hannun yarinyar muka tafi ƙofar hakimi, muka zauna a rana har aka ba mu iso.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan aka binne cibiyarta, ba ta san wani gari ba. Masu tafiya sun tafi, ita tana nan. In muka ƙi wadda ta zauna, wa za mu samu?"

Hakimi ya tambayi yarinyar unguwarsu da malamin da ya karantar da ita allo. Ta amsa kanta a ƙasa, da Hausar da ta fi tawa gogewa. Daga nan ya aika a gaya wa jami'in cewa 'yar ƙasarsa ce, shi ne shaida.

Makaranta ta ba ni wuya. Ni ce babba a ajin, duk Yaya suke ce mini. Turancina na firamare ya yi tsatsa, 'yar Bayarabiya ce ke zama da ni bayan la'asar tana warware mini darasi. Yaƙi ake yi a lokacin, malaman ma ba su da yawa, malama ɗaya ta koyar da mu, ta wuce ɗakin masu jego ta kama aiki. Da na zo hutun farko ɗana ya ɓuya a bayan Inna, ya ƙi zuwa wurina. Na shiga ɗaki na yi kukana, da hutu ya ƙare na koma.

Da muka gama, aka tura 'yar malamin gona wani gari, ba ta jima ba ta yi aure ta bar aikin. Ni da 'yar Bayarabiya aka dawo da mu Funtuwa. Muka tarar da ɗakin haihuwa a kulle, jemagu sun cika rufin. Mu muka wanke shi, muka shafa farar ƙasa. Mata ba su dawo nan da nan ba, sai da labari ya zaga gidajen suna cewa akwai masu hannu a asibiti. Da suka dawo kuma suka fi ƙarfinmu, mu biyu ga gari ga ƙauyuka, in ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ko abinci a tsaye take ci.

Shi ya sa na sa fararen kayana wata safiya na tafi makarantar firamare, na roƙi hedimasta ya bar ni in yi magana da 'yan matan aji bakwai. Ba su da yawa, benci biyu ne. Na gaya musu aikin yadda yake, da jininsa da gajiyarsa, ban ɓoye komai ba. Wata ta tambaya ko ana dukan ɗalibai a can, na ce a'a. Biyu suka ɗaga hannu. Ɗaya ta ce babanta manomi ne a bayan gari, ba ya shigowa sai ranar kasuwa, kuma yana da zafi. Na tambaye ta rumfar da yake zama, na ce ta gaya masa ina nan zuwa.